Yadda A Ke Haɗa Ƙaramin Taragon Kaya

Yara da yawa sun iya yanka kara, su fere ɓawonsa, su haɗa mota ko jirgi, su ɗaura masa zare suna ja. Wannan wasa ne mai kyau, amma ba a auna kome a cikinsa. In ƙafar gaba ta fi ta baya girma, ba wanda zai ce an yi laifi.

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da su ke yin wani aiki mai kama da wannan, amma yawancinsu ba yara ba ne. Manya ne, waɗansu ma har da furfura. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da likitoci, da manoma, da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa. In sun taso daga aiki, ko kuwa in sanyin hunturu ya hana fita, sai su sauka ɗakin da a kan gina a ƙarƙashin gida a can ƙasar, su kunna fitila, su zauna gaban tebur suna haɗa ƙananan taragun kaya. Taragon ya kan zauna a tafin hannun babban mutum, amma duk abin da ke jikin babban tarago na gaskiya yana jikinsa, tun daga ƙofa har kan ƙusa. Kowane abu kuma an auna shi. Wannan awo shi ne ya raba aikinsu da wasan yara.

Awo

Kafin mutum ya kwaikwayi babban abu ya mai da shi ƙarami, sai ya tsai da shawarar yadda zai rage shi. In ya raba tsawo gida goma, dole ya raba faɗi da tsayi gida goma, in ba haka ba siffar za ta ɓaci. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a Amurka sunansa HO. A wannan ma'auni ana raba kowane awo na babban tarago gida 87, a ɗauki kashi ɗaya. Watau ƙafa guda ta gaskiya ta koma milimita 3 da rabi. Taragon da tsawonsa ya ke ƙafa 40 sai ya koma inci 5 da rabi, kimanin santimita 14 ke nan. Dogon mutum mai ƙafa 6, da za a rage shi haka, da kaɗan zai wuce santimita 2. Sai an tara ƙananan taragu fiye da 650,000 kana su cika wurin da babba guda ya tsare.

Akwai waɗansu ma'aunan. Akwai O, wanda a Amurka a ke raba awo gida 48, akwai kuma N, mai gida 160. Sunan HO ma daga O aka samo shi, gama ma'anarsa da Turanci ita ce rabin O.

Hanyar jirgin ita ma an rage ta. A Amurka tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435. Irin wannan faɗi ne da hanyar jirgin da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Tsohuwar hanyar da ta iso Kano a 1911 kuwa ba ta kai haka ba, ƙafa 3 ce da inci 6. To, in aka raba 1,435 gida 87, sai a sami 16 da rabi. Saboda haka faɗin ƙaramar hanyar HO milimita 16 da rabi ne, ko'ina a duniya.

Da can kowane kamfanin ƙananan jirage yadda ya ga dama ya ke yin nasa, har ya zama taragon wani ba ya tafiya sosai a hanyar wani. A shekarar 1935 masu wannan sha'awa suka taru a birnin Milwaukee, suka kafa ƙungiya wadda a ke kira NMRA, ta tsara ƙa'idodin awo don kayan kowa ya dace da na kowa.

Abin lura a nan shi ne, kuskure ma ninkuwa ya ke yi. In mai haɗi ya kauce da milimita 1 tak, a jikin babban tarago ya kauce da milimita 87 ke nan, kusan faɗin tafin hannu. Ƙofar da ta karkace haka ba za ta rufu ba.

Babban taragon

Wanda zai kwaikwayi abu, sai ya san abin tukuna. Ga misalin wani tarago da masu wannan aiki su ke sha'awa.

A shekarar 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Kaya suka yi yawa, ga abinci, ga kwal, ga makamai. Hanyoyin jirgi suka cushe, taragu suka yi jerin gwano a biranen bakin teku ba a sauke su ba. Kamfanonin jirgin ƙasa kuwa suna da yawa, kowanne da irin taragunsa. A watan Disamba na wannan shekara sai gwamnati ta karɓi ragamar jiragen, ba ta mayar wa masu su ba sai a watan Maris na 1920. A cikin wannan lokaci hukumar da ta riƙe su, wadda a ke kira USRA, ta zana taragu iri kaɗan masu ƙwari, ta sa aka ƙera guda 100,000, aka rarraba wa kamfanoni.

Daga cikinsu akwai wani rufaffen tarago mai kama da dogon akwati, wanda aka yi kimanin 25,000 nasa. Tsawon cikinsa ƙafa 40 da inci 6, yana ɗaukar tan 40. Bangonsa na katako ne riɓi biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje, allunan wajen suna jere a tsaye. Goshinsa da ƙeyarsa na ƙarfe ne mai kunya-kunya kamar kwanon rufi. Ƙashin bayansa kuwa, watau ƙarfen da ke ƙarƙashin daɓe, ya fi zurfi a tsakiya, kamar cikin kifi. A cikin irin wannan tarago aka yi ta ɗaukar alkama da masara da gari da kayan kanti, shekara da shekaru.

Amma katako ba ya jure rana da ruwa har abada. Daga shekarun 1930 aka soma cire wa waɗansu bangon katako ana sa musu na ƙarfe. Sauran kuma da suka tsufa sai aka farfasa su, aka narkar da ƙarfen. Yau ba a ganin irinsa yana ɗaukar kaya a hanya. Abin da ya rage sai hotuna, da zanen injiniyoyi, da littattafan awo, da ɗaiɗaiku a gidajen ajiye kayan tarihi. Da waɗannan ne a ke sake tayar da shi ƙarami.

Rezin da mazubi

Yawancin ƙananan taragun da a ke sayarwa a kanti na roba ne, inji ke yin su. Ana narka roba, a tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe, ta huce, a fitar, a sake. Mazubin ƙarfe ya kan yi dubbai bai gaji ba, amma sassaƙa shi yana cin kuɗi mai yawa. Saboda haka kamfani ba ya yin sa sai don taragon da ya tabbata mutane masu yawa za su saya. Alhali kuwa taragun Amurka iri-iri ne, ba su ƙirguwa da yatsu. Wani irin ma kamfanin jirgi ɗaya kaɗai ya taɓa mallakarsa, masu son ƙaraminsa kuma ba su da yawa. To, ina za su samu?

Nan rezin ya yi rana. Asalin wannan kalma sunan danƙon da ke tsattsafowa daga jikin itace ne ya daskare, kamar ƙaro. Amma wanda a ke magana a nan a masana'anta a ke yin sa. Ruwa ne iri biyu, kowanne a kwalbarsa. Muddin suna rabe, ruwa ne kurum. Da an gauraya su sai su ɗauki ɗumi, cikin 'yan mintoci su daskare su zama abu mai tauri, marar nauyi, launinsa ƙasa-ƙasa ko toka-toka.

Ga yadda a ke yi. Da fari wani gwani zai zauna da zane da hotuna, ya yi samfuri guda da hannunsa: bango, da goshi, da rufi, da daɓe, da ƙofa. Ya kan tsaga layin kowane allo, ya manna kan kowace ƙusa ɗai ɗai. Wannan ya kan ci makonni, ko ma watanni. Sa'an nan a shimfiɗa samfurin cikin ɗan akwati, a kwarara masa wata irin roba mai ruwa wadda a ke kira silikon. In ta kwana sai ta daskare, amma da taushinta, tana lanƙwasuwa. A ɓamɓare ta a hankali, sai ga siffar samfurin ta fito a jikinta, ba abin da ta bari, ko da ƙarzanen farce ne. Wannan shi ne mazubi. Wanda ya taɓa ganin masu zubin tukwanen dalma, yadda su kan danna tsohuwar tukunya cikin ƙasa su sami gurbinta, ya riga ya fahimci dabarar.

Sai a dama rezin a zuba cikin mazubi. Babban abokin gaba a nan shi ne kumfa, domin duk inda ƙwayar iska ta maƙale, nan rami zai fito. Don haka waɗansu su kan sa mazubin cikin wata tukunya mai murfi, su matsa iska a ciki har kumfar ta ƙanƙance ta ɓace. Mazubin silikon ba shi da tsada, amma ba ya daɗewa. Bayan zubi 'yan gommai sai ya soma yagewa, a koma ga samfuri a yi sabo. Arahar nan ita ta sa mutum ɗaya ko biyu a ɗan ɗaki su ke iya riƙe sana'ar. A shekarun 1980 wani ƙaramin kamfani mai suna Westerfield ya shahara da ita, waɗansu kuma suka yi suna, kamar Sunshine Models da Funaro & Camerlengo.

In an buɗe kwali

Mai saye ba tarago ya ke samu ba, sassansa ya ke samu. In ya buɗe kwalin zai tarar da bango biyu, da goshi da ƙeya, da rufi, da daɓe, duk a shimfiɗe. Ga kuma 'yan ƙananan abubuwa kwance a jikin wani siririn fallen rezin, ga waya, ga takardar lambobi. A waɗansu kwalayen na baya-bayan nan an riga an zuba bango da rufi a haɗe. Akwai kuma takardar bayani mai hotuna, wadda ta kan ba da tarihin taragon. Gwani ba ya taɓa wuƙa sai ya karanta ta daga farko har ƙarshe, gama in sashe ɗaya ya lalace, ba lalle ne a sami madadinsa ba.

Kayan aikinsa kaɗan ne: wuƙa mai kaifi kamar aska, da ƙaramin magagari, da sanfefa, da matsefata, da ɗan awartaki, da sukwaya irin ta kafinta, da mahuji, da tabarau mai ƙara girman abu.

Aikin farko shi ne wanki. Masu zubi su kan shafa wa mazubi wani maiƙo don kada rezin ya manne masa, maiƙon kuwa ya kan biyo sassan. In ba a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori ba, gam ba zai kama ba, fenti ma zai saɓule. In an ga wani bango ya kantare, sai a tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a shimfiɗa shi a kan gilashi, a danne da abu mai nauyi har ya huce.

Kowane sashe ya kan fito da wata 'yar geza a gefensa, inda rezin ya malala. Ana shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, a riƙa goga bayan fallen a hankali, har gezar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ƙananan abubuwan su faɗo da kansu. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, saboda haka a kan jiƙa sanfefar da ruwa, ko a rufe hanci.

Haɗa jiki

Kafin a manna kome, sai a kara bangon nan biyu baya da baya, a gani ko tsawonsu ɗaya ne. Wani lokaci ɗaya ya kan fi ɗaya da ɗan kaɗan. In an bar su haka, taragon zai fito a karkace, rufi ba zai zauna ba. Sai a goge mai tsawon, kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, ana yi ana gwadawa, domin abin da aka goge ba ya komowa.

Gam ɗin da a ke haɗa taragun roba da shi narka robar ya ke yi, amma ba ya narka rezin. Sai dai gam mai saurin kamu, wanda a ke kira sufa gulu. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Harry Coover, shi da abokan aikinsa suka gano shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Ba a matsa shi daga kwalba zuwa jikin tarago. A kan ɗiga kaɗan a kan wani abu, a dangwalo da bakin allura. Mai haɗi ya kafa bango ɗaya da goshi, ya daidaita su da sukwaya, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak daga ciki. Ya duba ta sama, ya duba ta gefe. In kusurwar ta yi daidai, sa'an nan ya bi ta da gam. Haka zai yi wa ɗaya bangon da ƙeya, kana ya haɗa biyun su zama akwati. Wannan gam yana manne yatsu kafin ƙiftawar ido, tururinsa kuma yana sa ido yaji. Don haka yaro ba ya taɓa shi sai da babba a kusa, taga kuma a buɗe.

Mariƙai da birki

Yanzu aka zo wurin da a ke gane mai haƙuri. A jikin kowane tarago akwai 'yan sandunan ƙarfe da aka lanƙwasa aka kafa, waɗanda ma'aikaci ya ke kamawa in zai hau. Su ne mariƙai. A ƙaramin tarago da waya a ke yin su, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na milimita. Kowane mariƙi yana bukatar huji biyu, tarago ɗaya kuwa ya kan ci huji gommai. Bakin mahujin bai kai rabin milimita ba, da yatsu a ke murza shi. In aka danna da ƙarfi sai ya karye a cikin ramin, fitar da shi kuwa aiki ne ja.

Wani zai ce, mene ne amfanin wahala a kan abin da ido da ƙyar ya ke gani? To, waɗannan 'yan ƙarafa suna da labari. A zamanin da, in jirgi zai tsaya, direba ya kan busa usur, sai masu birki su hau rufin taragu jirgi yana tafe. Su bi ta kan waɗansu alluna da aka shimfiɗa a tsakiyar rufin, su tsallaka daga wannan tarago zuwa wancan, suna murza sitiyarin birki da hannu, ko da dare ne, ko ana ruwa, ko ƙanƙara ta rufe allunan. Wanda santsi ya kwashe, ko mariƙi ya ɓalle a hannunsa, sai ya faɗa ƙarƙashin jirgi. Masu haɗa taragu su ma sai sun shiga tsakanin taragu biyu, su riƙe wani zoben ƙarfe da hannu har taragun su gamu, sa'an nan su saka ƙusa. Da yawansu sun rasa yatsu, waɗansu sun rasa rayukansu.

A 1869 George Westinghouse ya ƙago birki mai aiki da iska, wanda direba ya ke ja daga mazauninsa. A 1873 Eli Janney ya ƙago ƙugiya mai kama da hannu a dunƙule, wadda ta ke kama 'yar'uwarta da kanta in taragu sun haɗu. Kamfanoni da yawa suka yi ta jan ƙafa saboda tsada, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1893, ta tilasta musu sa birkin iska, da sabuwar ƙugiya, da mariƙai masu ƙwari. A 1911 kuma aka ƙayyade inda kowane mariƙi da tsani da matakala za su zauna, domin ma'aikaci ya miƙa hannu cikin duhu ya same su inda ya saba, ko taragon na wane kamfani ne. Ashe ke nan mai haɗi ba shi da ikon sa mariƙi inda ya ga dama. Wurin da ya ke hudawa doka ce ta zaɓa, dokar kuwa sai da aka yi asarar rayuka masu yawa kana aka yi ta.

Bayan haka sai ya kifar da taragon ya shirya birki a ƙarƙashinsa: tankin iska, da silinda mai tura sanda, da bututu, da sanduna. A nan dole ya zaɓi shekara. Taragon da aka ƙera a 1919 ya fito da tsohon birki wanda a ke kira K. Daga 1933 sababbin taragu suka koma wani iri mai suna AB, zuwa ƙarshen 1953 kuma an hana taragon da ke da K barin hanyar kamfaninsa ya hau ta wani. Allunan rufi ma daga 1966 aka daina sa wa sababbin rufaffun taragu. Saboda haka wanda ya ke kwaikwayon shekarar 1925 da wanda ya ke kwaikwayon 1955, ko da kwalinsu iri ɗaya ne, taragunsu ba za su zama ɗaya ba.

Nauyi da ƙafafu

Rezin ba shi da nauyi, tarago marar nauyi kuwa ya kan goce daga hanya a wurin kwana. Wanda ya cika nauyi kuma ya kan gajiyar da kan jirgi. Ƙungiyar NMRA ta ba da shawara cewa a ma'aunin HO a ba kowane tarago oza 1, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Tarago mai inci 6 ke nan zai sami oza 1 da oza 3, watau oza 4, kimanin giram 113. Sai a ɗora taragon da ƙafafunsa a kan sikeli, a ga abin da ya rage, a cika da 'yan guntayen ƙarfe, a manna su a daɓe daga ciki, kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Wanda ya manta ya rufe taragon bai sa nauyi ba, sai ya yi da na sani.

Ƙafafun guda 8 ne, 4 a gaba, 4 a baya, kowane 4 cikin firam ɗinsu. Ana ɗaure firam ɗin da sukuru ɗaya don ya riƙa juyawa a kwana. Sau da yawa ba su zuwa cikin kwalin, dabam a ke sayensu, su da ƙugiyoyi. Ana gwada tsayin ƙugiya da wani ma'auni na musamman, gama in ta fi ta maƙwabcinta tsayi, taragu za su rabu a wurin hawa tudu.

Fenti da lambobi

Sai a sake wanke taragon, a bar shi ya bushe sarai. Yawancin rufaffun taragun wancan zamani ja ne mai duhu, kamar jar ƙasa, domin fentin da a ke yi da tsatsar ƙarfe ya fi araha, ga shi kuma da jimiri. Ana fesa fentin sama-sama, sau biyu ko uku. In ya yi kauri sai ya cike layin alluna, ya binne kan ƙusoshi, wahalar gwanin samfuri ta tafi a banza.

Rubutun jikin tarago ya yi ƙanƙanta da a yi shi da hannu. An riga an buga shi a kan wata 'yar leda siririya wadda ke manne da takarda. A yanko, a tsoma a ruwa, takardar ta saki, a zame rubutun zuwa jikin tarago da ɗan buroshi. Dole fentin ya zama mai sheƙi, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashin ledar ta yi fari-fari. Rubutun ya ƙunshi sunan kamfani, da lambar taragon, da nauyin kayan da ya ke ɗauka, da nauyinsa in ba kaya, da watan da aka ƙera shi. Mai haɗi na ƙwarai ba ya ƙaga lamba daga kansa. Ya kan duba hoto ko littafin lambobi, ya zaɓi wadda wani tarago ya taɓa ɗauka da gaske.

Daga ƙarshe sai a tsufar da shi. Taragon da ya yi shekaru yana bin kan jirgi mai hayaƙin kwal ba ya sheƙi. Saboda haka a kan shafa garin alli baƙi a rufi, launin ƙura a gindi, launin tsatsa a ƙafafu, a fesa wani ruwa mai kashe sheƙi. Nan ma hoto a ke bi.

Tarago ɗaya ya kan ci maraice da yawa, wani ma ya kan ci makonni. Amma sannu ba ta hana zuwa. Masu wannan aiki su kan yi taro lokaci lokaci, wani sananne daga ciki an yi shekaru ana yin sa a garin Naperville, kusa da birnin Shikago. Kowa ya jera nasa a kan tebur, waɗansu har da hoton babban taragon a gefe. Ba a cika raba kyauta a irin wannan taro ba. Sai dai wani ya sunkuya ya duba, ya tambayi mai shi shekarar da aka canja wa taragon ƙofa, mai shi ya fito da hoto ya nuna masa. In kuwa an ga kuskure, ya koma gida ya ɓamɓare ya gyara.

Ta haka ne taragon da aka farfasa tun tuni ya ke sake tsayawa a kan hanya, da lambarsa, da tsaninsa, da mariƙansa a inda doka ta ce. Wanda ya haɗa shi kuwa ya ƙaru da lissafi, da tarihi, da karatun zane. Yaron da ya ke haɗa motar kara, in ya sami ma'auni ya auna wata babbar mota, ya raba kowane awo gida 20, ya yanka karansa bisa ga abin da lissafi ya ba shi, to, ya kama hanyar da su ma suka bi.

Tambayoyi

1. Gida nawa a ke raba awon babban tarago a ma'aunin HO?
2. In tsawon tarago ƙafa 50 ne, milimita nawa ƙaraminsa zai yi a ma'aunin HO?
3. Me ya sa a ke yin waɗansu taragu da rezin maimakon roba?
4. Don me a ke wanke sassan tarago kafin a manna su?
5. Wace wahala masu birki suka sha a zamanin da, wace doka kuma aka yi saboda su?
6. Oza nawa ya kamata tarago mai inci 8 ya yi?
7. Me ya sa mai haɗi ya ke zaɓen shekara kafin ya shirya birki?